Bashin ɗan fari

Halifa yana da shekara uku da wata bakwai na haifi ƙanwarsa. Shi a watan azumin 2020 ya zo duniya, lokacin da aka kulle Kaduna saboda korona, ina gidanmu a Tudun Wada, don na riga na tafi goyon ciki kafin a rufe gari. Ko taron suna ba a yi ba. An yanka rago, liman da wasu dattawa suka yi addu'a a zaure, kowa ya kama gabansa. Sunan surukina aka sa masa, sai abin ya haɗe mini biyu, ga nauyin suna ga kunyar ɗan fari. Ban taɓa yi masa wasa a gaban Inna ba. In ya yi kuka sai ƙanwata ta ɗauko shi ta dire mini a cinya, in ba shi nono ina kallon bango kamar wadda aka tilasta. "Kai" nake ce masa, in kuma da wani nake magana in ce "yaron nan". Halifan ma da ake kiransa, a bakin mutane yake, ba a nawa ba. Ni kaina 'yar fari ce, har yau ban ji sunana a bakin Inna ba, kuma ban taɓa jin zafin hakan ba, tunda haka muka taso muka tarar.

Da cikin na biyu ya kai wata shida, malamar awo ta tambaye ni inda babban yake kwana. Na ce a gadona. Ta ce in sauke shi tun yanzu, kada in bari sai jariri ya zo, don in aka sauke shi a ranar zai ɗauka jaririn ne ya kore shi. Wannan shawarar na bi, kuma ta yi rana. Babansa ya sayo ƙaramar katifa da gidan sauro a Kasuwar Barci, muka shimfiɗa a gefen gado, aka yi kwana huɗu ana daru, daga nan ya saba har yana nuna wa baƙi "gadona". Yaye kuwa an daɗe da wuce wurin, tun yana wata ashirin da biyu.

Inda na yi kuskure shi ne wajen faɗa masa abin da ke tafe. Baban Halifa ya ce in zaunar da shi in gaya masa akwai ƙani a ciki. Ni kuwa ina zan iya buɗe baki in yi maganar ciki da ɗan fari? Da ya dame ni da tambayar me ya sa cikina ya yi ƙato, ko tuwo na ci da yawa, sai na yi masa ƙaryar da aka yi mana muna yara: na ce kwanan nan za mu je asibiti mu sayo jariri. Ya riƙe maganar nan tsaf, ban sani ba.

Naƙuda ta tashi cikin dare a Disambar 2023, hunturu ya kankama, hazo ya rufe Unguwar Dosa har fitilar mota ba ta haska nesa. Muka ɗauke shi yana barci muka miƙa wa maƙwabciyata, muka wuce asibiti. Ya farka da safe a ɗakin da ba nasa ba, babu ni babu babansa. Ban yi tunanin wannan ba sai daga baya; da na sani da tun kafin lokacin na riƙa barinsa ya kwana can jefi-jefi. Kafin a sallame mu aka yi wa jaririya allurar BCG ta tarin fuka da ta ciwon hanta, aka ɗiga mata maganin shan inna, aka ba ni katin riga-kafi da ɗan man da za a riƙa shafa wa cibiya. Da la'asar muka dawo gida. Ina shigowa da ita a hannu ya taho da gudu zai faɗa jikina, mutum uku suka daka masa tsawa lokaci guda: "Kai, a hankali!" Ya ja birki, ya kalle ni, ya kalli abin da ke cikin tawul, ya juya ya koma bayan kujera.

Tunda haihuwa ta biyu ce, ba a tafi da ni gida wanka ba. Gwaggo, yayar babana, ita ta zo daga Zariya ta zauna da ni har arba'in. Tsohuwa ce mai ƙarfin hali da kaifin baki, kuma tun daga bakin ƙofa ta fara tsokanar Halifa da "maigida, ina cefane?", jaririya kuma ta zama "kishiyata mai ƙaton hanci". Da asuba da la'asar ake wanka. Gas ya yi tsada tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, don haka buhun gawayi aka sauke, aka ɗora babbar tukunya a tsakar gida. Ruwa ya tafasa da ganyen darbejiya, a juye a baho, a riƙa tsoma ganyen ana fyaɗawa a jiki. Duk wadda ta yi wankan jego da ƙaramin yaro a gida ta san fargabar da nake nufi: tukunyar tafasasshen ruwa a ƙasa, yaro ɗan shekara uku yana zagaye. Dole muka kafa doka, in za a sauke ruwa sai an rufe shi a ɗaki ko babansa ya fita da shi. Shi kuwa abin da ya gani kawai shi ne tun zuwan yarinyar nan ake yawan rufe masa ƙofa.

Mun ɗan ja da Gwaggo a kan abu uku. Jinina ya hau a ƙarshen cikin, likita ya ce kada in kusanci kunun kanwa kuma in rage gishiri. Ya ce tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a wannan yankin, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. Gwaggo ta ce su da suka sha kanwa suka haifi tara ga su nan daram. Na ce haka ne Gwaggo, amma likitan ma na garinku ya ambata. Ta yi tsaki, ta koma dama mini kunun gyaɗa da na tsamiya, ruwan wanka kuma aka riƙa sirkawa. Na biyu cibiya: ta so a gasa da tsumma, na roƙe ta a tsaya a kan man asibiti, kwana takwas ta faɗi lafiya lau. Na uku shi ne kaskon gawayi da take son shigowa da shi ɗaki saboda sanyi. A nan Baban Halifa ne ya sa baki cikin ladabi, ya ce hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun farga ba. Farfesun kauri da yajin jego dai ban yi musu gardama ba ko kaɗan.

Sai 'yan barka. Allah ya saka musu da alheri, sun zo da sabulu da omo da atamfa da kayan jarirai, amma bakin wasu ya yi mini ɓarna. Kowacce ta shigo sai ta wuce Halifa kamar turmi, ta ɗauki jaririya, sannan ta waiwayo ta ce, "Kai, an ƙwace maka Umma," ko "Yanzu kai ka zama tsohon yayi." Wasa ne, kowa ya san wasa ne, ban da shi. Wata ƙawata ta ce masa za ta tafi da jaririyar gidanta, tana jira ya yi kuka. Ya tashi da sauri ya ɗauko mata tawul da hula. Aka fashe da dariya. Da dare ya zo ya tsaya a bakin gado ya ce, "Umma, ku mayar da ita asibiti a ba ku kuɗinku." Ƙaryata ce ta dawo mini.

Ana gobe suna aka kawo rago aka ɗaure a gindin mangwaro. Duk wunin ranar Halifa yana wurinsa, yana ba shi dusa da ɓawon kankana, yana yi masa hira, don a gidan nan ragon ne kaɗai yake da lokacinsa. Da safe aka raɗa suna Hauwa'u, muna kiranta Jidda, aka kwantar da ragon a gabansa aka yanka. Babu wanda ya tuna ya janye shi. Kukan da ya yi har maƙwabta sun leƙo. Wanzami ya zo ya yi aski, ya nemi ya cire beli muka ce a'a, an gode. An ɗinka wa Halifa sabuwar shadda da hula, wannan kam babansa ya yi tunani, amma a hotunan ranar duk fuskarsa a kumbure take. Da na zauna ina duba hotunan sai na tuna shi ba shi da ko ɗaya na ranar sunansa.

Daga suna abubuwa suka rikice. Yaron da ya daina fitsarin kwance tun bara ya dawo yana jiƙa katifa kullum. Ya daina cin abinci da kansa sai an ba shi a baki. Maganarsa da ta fito tar ya mayar da ita gwaranci. Ina zama zan ba da nono, a lokacin ne zai ji ƙishirwa, ko kashi, ko ya hau kan tebur. Makaranta kuma an yi hutun ƙarshen shekara, yana gida safe da yamma. Ni ga ɗinki yana ja, ga rashin barci, nono ya cika ya yi tauri, abu kaɗan sai in ji hawaye. Bakina bai iya komai ba sai "bari", "sauka", "matsa", "kada ka taɓa mata maɗiga".

Ranar kwana goma sha biyu ina banɗaki, Gwaggo tana juye ruwa, na jiyo Jidda tana wani irin kakari. Na fito da zani a hannu. Halifa yana durƙushe a kanta ya tura mata ƙuli-ƙuli a baki. Na zaro shi da yatsa, Allah ya taimake ni bai wuce ba, na juya na wanke yaron da mari irin wanda ban taɓa yi masa ba. Bai yi kuka ba. Ya dafe kunci ya ce, "Yunwa take ji." Kalmar Gwaggo ce, kullum Jidda ta yi kuka sai ta ce mini, "Ke 'yar nan, ba ta, yunwa take ji." Ƙuli-ƙulin kuwa nasa ne, wanda babansa ya sayo masa, rabi ya gutsura ya ba ta.

Da daddare ina kwance na juya baya kamar mai barci, Gwaggo tana shafa masa man kaɗanya a ƙafa saboda faso, na ji yana ce mata ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, Umma ba ta san sunana ba. Na Jidda kawai ta sani."

Gaskiya ya faɗa. Jidda ba ta da nauyin kowa a kaina, don haka tun ranar suna bakina ya buɗe: Jiddatu, 'yar gwal, uwar masu gida, ina yi mata rawa ina sumbatar ƙafarta a gaban kowa. Duk wasan da na haɗiye shekara uku da rabi shi ne ya ɓalle a kanta, yaron yana tsaye yana kallo. Ni a zatona kishin nono da cinya yake yi. Ashe lissafi yake yi na abin da ake ba ta wanda shi ba a taɓa ba shi ba.

Na zaci Gwaggo za ta ce shirmen yaro ne. Da safe bayan wanka tana daddanna mini baya sai ta ce, "Kin ji abin da maigida ya ce jiya, na san idonki biyu." Na yi shiru. Ta ce a zamaninsu uwa tana kunyar ɗan fari ne don gida cike yake da hannaye. Ga kaka, ga kishiyoyin uwa, ga matan baffanni, ga gwaggo irinta. Ana yaye shi kaka take ɗauke shi, wani ma a can zai girma, ya fi kowa gata. Ta ce, "Ubanki da kike gani, a bayana ya yi wayo. Ke kanki wa ya goya ki in ba ni da kakarki ba? To ku kun zo kun shige gidan haya ɗaki biyu kun ja ƙofa, daga ke sai mijinki. Kin ɗauko kunyar kin baro mutanen da suke biya wa yaro abin da kunyar ta hana shi. In kin kawar da kai, wa zai duba shi, bango?"

Ban iya kiransa a ranar ba. Wallahi na buɗe baki ya fi sau biyar sunan yana maƙalewa. Sai washegari da magariba, Gwaggo ta shiga yi wa Jidda wanka, babansa yana masallaci, na ce, "Halifa, zo." Ya waiga bayansa yana neman mai kiran. Na sake faɗa. Ya taho a hankali kamar wanda ya yi laifi, na ɗora shi a cinya, na ce ya yafe mini marin shekaranjiya, na ce na san abinci ya so ba ta, amma ita ba ta da haƙori, nono kaɗai take sha har sai ta yi wata shida, ko ruwa ba a ba ta. Ya ce shi ma a ba shi nonon. Na tatsa kaɗan a cokali na miƙa masa. Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya tofar, ya ce ba daɗi, a ba Jidda. Bai sake nema ba.

Daga nan lokacin wankan Jidda na magariba ya zama nasa. Minti ashirin ne ko ƙasa da haka, amma ba na ɗaga waya, ba na aiken kowa. Wata rana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wata rana ya biya mini Fatiha da Ƙulhuwallahu da ya koyo a Islamiyya, wata rana kawai ya kwanta a jikina yana wasa da ɗankunnena. Da ɗinki ya warke na goya shi sau biyu, ƙafafunsa suna reto har gwiwata, Gwaggo tana salati tana dariya. Muka ba shi muƙamin Yaya, da aikin miƙo famfas da ɗauko tawul da zaɓar hular da za a sa mata. Wani lokaci ya yi da murna, wani lokaci ya ce ta ɗauko da kanta. Na daina cewa "ba zan iya ba saboda Jidda", na koma cewa "bari in gama, sai kai". In ita ke kuka shi kuma ina ɗaura masa takalmi, sai in ɗaga murya in ce, "Jidda, yi haƙuri, ina sallamar Yaya." Ita ba ta san me na ce ba, shi kuwa har ƙirji yake turowa.

Baban Halifa ya ɗauki nasa kason. Ya riƙa tafiya da shi sallar la'asar, ranar Asabar kuma su zaga har Kawo su dawo da tsire ko rake. Shi ne ya tuna mini hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Manzon Allah (SAW) ya ƙi shaida a kai, ya yi umarni da a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Na san hadisin tun ina Islamiyya, amma kullum a kan gona da kuɗi nake ɗora shi, ban taɓa kawo fara'a da kiran suna a ciki ba. 'Yan barkan da suka rage kuwa, tun daga ƙofa Gwaggo take tare su: "Ku fara gaida maigida, shi ya yi ƙanwa." Mai niyyar cewa an ƙwace masa uwa, harara ɗaya take sha ta haɗiye.

Ba wai komai ya gyaru ba ne. Fitsarin kwance ya kai mu har bayan arba'in. Leda muka shimfiɗa a ƙarƙashin zanin gado, muka daina ba shi shayi da dare, na hana kowa yi masa waƙar tsiya a kai. Sau ɗaya na kama shi ya mintsine ta a ƙafa yana kallon fuskarta ya ga me za ta yi. Don haka dokar da muka kafa ranar ƙuli-ƙuli ba ta tashi ba: ba a barinsu su biyu a ɗaki, ko na ɗauko cokali ne. Da aka koma makaranta a Janairu gida ya ɗan sarara, sai dai ya kwaso mura ya kawo mana, muka shiga aikin wanke masa hannu kafin ya taɓa ta da hana shi sumbatar fuskarta, ƙafa kawai.

Kwana biyu bayan arba'in ta cika sati shida, muka tafi riga-kafi da shi, don ya ce sai ya raka ƙanwarsa. Aka yi mata allurai a cinya, aka ɗiga mata na shan inna da na rota, maganin gudawar yara, wanda a lokacin Halifa babu shi a katin gwamnati, sai a 2022 aka shigo da shi. Aka rubuta mana mu dawo a sati goma da sati goma sha huɗu. Da ta tsala ihu sai ya riƙe rigar ma'aikaciyar ya ce ta bari. Matar ta yi dariya, ta naɗe masa hannun riga na hagu ta nuna masa tabon BCG ɗinsa, ta ce shi ma an yi masa yana jariri, ga shaida. Duk hanyar dawowa a Keke Napep yana leƙa tabon.

Gwaggo ta koma Zariya da turmin atamfa da sabulai da kuɗin mota, tana cewa maigida ya sake ta ya auri mai ƙaton hanci. Mu kuma muka fara yawon arba'in daga Tudun Wada. Inna ta karɓi Jidda tana juya ta tana yaba ƙibarta, ƙannena suka kewaye ta. Halifa ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Na ji nauyin ɗakin nan ya sauko mini kamar 2020, bangon da nake kallo ma yana nan da kalandarsa. Na ce, "Halifa, cire takalmi ka zo nan." Ɗakin ya yi tsit. Ya zo ya haye cinyata ya zauna daram. Ƙanwata ta rufe baki tana dariya. Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da gyara wa Jidda hula, can ta ce, "Ke, sauke shi haka nan, ƙato da shi, jikinki bai gama ƙwari ba." Ban sauke shi ba. Ta ɗan jima, sannan ta miƙa hannu ta jawo matashin kai ta tura mini a baya.